Shekarar Ƙarshe ta Baba Kunne a Gidan Ruwa

A gidan ruwa babu mai kiransa da sunansa na yanka. Kunne ake ce masa, da furfura ta fito sai aka ƙara masa Baba a gaba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shigo wurin a matsayin lebura, aikinsa yankan ciyawa a gefen tankuna. Amma duk lokacin da aka kwance wani inji sai a gan shi tsugune a gefe ya baza ido. Da makanikan suka gaji da korarsa, suka miƙa masa sifana. Daga ranar bai sake riƙe lauje ba.

Ɗakin injina dogon zaure ne a ƙarƙashin ƙasa, sai mutum ya sauka matakala goma sha tara. Injina shida ne a jere suna tura ruwa zuwa unguwanni, kowanne da lambarsa a jiki da farin fenti. Ƙararsu kuwa, in mutum biyu suka haɗu a ciki sai dai su yi magana da hannu. Kullum da safe yakan sauka da doguwar sukurdireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotarta, ya lumshe ido. Minti ɗaya ya ishe shi. Sai ya ɗago ya ce, "Lamba Biyu tana son giris," ko ya ce, "Boris ɗin Lamba Biyar ba zai kai wata ba." A kwance, a tarar ƙwallayen ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansu sun fara cinyewa, kamar yadda ya faɗa. Ranar juyen mai da ranar canjin bel suna cikin wani littafi mai baƙin bango da maiƙo ya cinye gefensa. Sauran suna cikin kansa, kuma na kan ya fi na littafin yawa.

Abokin aikinsa na shekara talatin shi ne Bahago, ƙaton mutum mai tafin hannu kamar faranti. Karatun Bahago bai yi nisa ba, amma in noti ya ƙi kwancewa shi ake nema. Suna cin abincin rana a kan benci ɗaya, suna musu a kan ƙwallo, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya fi tsufa.

Gidansa ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, a unguwar kan tudu, inda ruwa yake zuwa ƙarshe kuma yake fara ɗaukewa. 'Ya'yansa maza biyu sun yi nisa neman abinci. Auta, 'yarsu mace, tana aure a wani gari, tana aiki a shagon magani. Sai ya rage daga shi sai matarsa, wadda yake kira uwar ɗakina tun suna ƙuruciya, ita kuma tana ce masa Malam.

Ita ce ta fara lura. Rediyo ya fara yin ƙara fiye da da. Sai ta yi magana sau biyu kafin ya waiwayo.

"Malam, ka je a duba maka kunnen nan."

"Kunnena lafiyarsa lau. Ke ce kike magana ciki-ciki kamar mai ƙulla munafunci."

Ta yi dariya ta bar maganar. Shi kuwa ya sani. Ya san wata shida ke nan tsuntsayen bishiyar bakin gidan ruwa sun daina kuka, alhali yana ganin bakinsu yana motsi. Amma mutumin da ake kira Kunne, ta ina zai fara?

Wata Talata da safe ya dafa sukurdireba a jikin Lamba Huɗu, ya saurara, bai ji komai ba sai gurnanin da ya saba. Ya buɗe littafi ya rubuta "lafiya". Da azahar boris ya kama, injin ya yi zafi, wayoyin cikinsa suka ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika zauren. Lamba Huɗu ita ce mai tura ruwa kan tudu, kuma kayanta sai an yi odarsu daga nesa. Kwana goma sha ɗaya unguwar ba ta ga ɗigon ruwa ba.

Mata da yara suka koma ɗibar ruwa a wata rijiyar burtsatse can gangare. Maƙwabta in sun gan shi sai su ce, "Baba, mai gidan ruwa guda, mu da muke taƙama da kai?" Cikin raha suke faɗa, shi kuma ya yi yaƙe. Yakan ɗebo jarka huɗu kafin ya fita aiki, ya hana matarsa zuwa. A rana ta takwas ta ga wanki ya taru, ta ɗauki jarka ta sauka. A hanyar dawowa, wurin da ruwan da mutane ke zubarwa ya mai da ƙasa santsi, ƙafarta ta zame. Ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki a asibiti, aka ce a hankali za ta taka. Ba ta sake takawa ba.

Shugabar sashensu mace ce, sa'ar Auta, kowa Injiniya yake ce mata. Bayan an tada Lamba Huɗu ta kira shi ofis. Littafinsa na kan teburinta a buɗe. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da shi, ta yi magana a hankali tana kallon fuskarsa yadda zai ga bakinta. A nan ya gane ita ma ta sani.

"Baba, ba faɗa na kira ka in yi ba. Laifinmu ne da muka ɗora injina shida a kan kunnen mutum ɗaya shekara da shekaru. Hedikwata ta yarda mu sayi manhaja ta kula da gyara. A waya za ta zauna. Ita za ta riƙa tuna mana ranar juye da ranar duba, kuma duk abin da aka yi wa inji a rubuta a ciki. Kamfani uku za su zo su nuna tasu. Ina so ka shiga kwamitin zaɓe."

Ya kalli hular da ke hannunsa.

"Wato ni zan zaɓi wanda zai gaje ni ke nan, Injiniya."

"Saura maka wata goma ka yi ritaya, Baba. Ko da manhaja ko babu za ka tafi. Abin da ke kanka ne ba na so ya tafi."

Ya ce zai yi tunani. A ranar ya biya asibiti, aka gwada shi, likita ya ce ƙarar injina ce ta cinye jijiyar, ba ta dawowa. Aka ba shi wata 'yar na'ura ta saƙalawa a kunne, mai yin fito in ya juya kai, aka gargaɗe shi kada ruwa ya taɓa ta.

Da ya koma gida da yamma, ya gyara wa matarsa filo, ya zauna a bakin gado. Tun da ta faɗi muryarta ta ragu, sai ya sunkuya sosai yake jin ta. Ya gaya mata komai, har da "lafiya" ɗin da ya rubuta da hannunsa. Bai taɓa kuka a gabanta ba, ranar ma bai yi ba. Ta kamo wuyan rigarsa ta jawo shi kusa.

"Na sani, Malam. Tun bara na sani. Jarkar kuma ni na cika ta har baki, ba kai ba. Ka hana ni na ƙi ji. Ka ga ashe mu biyu ne kurame a gidan nan."

Washegari ya ce wa Injiniya ya yarda.

Mutum biyar ne a kwamitin, ciki har da wani mutumin hedikwata mai ƙamshin turare da alƙalami uku a aljihu. Aka zauna a ɗakin taro mai sanyi. Kamfani na farko suka haska tasu a bango: zane-zane masu launi, layuka suna hawa suna sauka. Mai bayanin ya yi ta zuba kusan awa guda, Baba Kunne yana tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Da ya gama ya juyo ya ce, "Baba, kana da tambaya?"

"Taba? Ai na daina sha shekara ashirin ke nan."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shi ma ya taya su, duk da sai da Injiniya ta rubuta masa a takarda ya gane abin da aka ce. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Amma da dariyar ta lafa ya miƙe tsaye.

"To, ina da ita. Abin nan a ɗakin nan za a yi aiki da shi, ko a ƙasa wurin injina? In a ƙasa ne, mu sauka. Kuma ba ku za ku riƙe wayar ba. Bahago ne zai riƙe."

Haka aka yi. Aka sauka matakala goma sha tara da mutanen kamfani uku, mutumin hedikwata yana tattare rigarsa. Bahago ya fito daga bayan Lamba Ɗaya, hannunsa dumu-dumu da giris, ya goge a tsumma sama-sama. Aikin da aka ba shi ɗaya ne: ya shigar da cewa ya duba Lamba Uku, ya ga tana ɗan yoyon mai.

Ta farko ta nemi lambar sirri, sannan ta buɗe gurabe goma sha huɗu da za a cike, da ƙananan rubutu. Babban yatsan Bahago in ya danna ɗaya sai ya haɗa da na kusa. Baba Kunne yana duba agogo. Minti goma sha ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓar Bahago, bai kai rabi ba. Ya miƙa wayar ya ce gara a ba shi injin ya kwance ya mayar.

Ta biyu ta fi sauƙi, sai dai ba ta motsi sai da sabis, kuma a ƙarƙashin ƙasa babu sabis. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a kan gilashin wayar. Mai kamfanin ya ce ba matsala, a hau sama a aika. Baba Kunne ya nuna masa matakalar, ya nuna gwiwar Bahago.

Ta uku wata mata ce ta kawo ta, mai ƙaramar jaka, ba ta da yawan magana. Ta manna wata 'yar takarda mai zane a jikin Lamba Uku, ta ce Bahago ya haska ta da kyamarar wayar. Hoton injin ya fito, a ƙarƙashinsa madannai uku manya: lafiya, a duba, a tsayar. Ya danna na tsakiya. Maimakon rubutu, ta nuna masa ya kai wayar bakinsa ya faɗa. Ya ce, "Tana yoyon mai ta gefen hagu." Shi ke nan. Matar ta ce wayar za ta ajiye, duk lokacin da ya hau sama ta aika da kanta. Bahago ya juya wayar ya duba bayanta kamar mai zargin an yi masa dabo.

Da aka koma ɗakin taro, mutumin hedikwata ya ce ta farko ce ta dace. Ita ce mai fitar da rahoton da manya ke son gani, ta ukun kuwa kamar wasan yara. Wani ma ya goyi bayansa. Injiniya ta rubuta wa Baba Kunne abin da aka ce.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "zanen nan mai kyau daga ina yake samun labari? Daga yatsan Bahago. Sati biyu zai yi yana fama, a na uku ya fara danna duk abin da ya samu don ya huta. Daga nan zanen ƙarya zai riƙa nuna maka, da launinsa mai kyau." Bai san yana ɗaga murya ba. "Ni na rubuta lafiya ranar da Lamba Huɗu ta ƙone. Ban yi ha'inci ba, abin da kunnena ya ba ni ke nan. Saboda haka ina roƙon abu ɗaya a wurin matar nan. Kada wayar ta karɓi lafiya daga bakin kowa sai ya ɗauki ƙarar injin, ko ta daƙiƙa goma ce, wani ma ya saurara."

Matar ta ce wannan abu ne mai yiwuwa. Aka ɗaga hannu, uku da biyu. Ta uku ta ci.

Watannin da suka biyo baya ya yi su ne yana juye kansa a cikin waya. Da safe zai yi wa matarsa wanka, ya ba ta abinci, ya bar ta a hannun wata maƙwabciya da katanga ɗaya ta raba su, sannan ya tafi. Zai tsaya a gaban kowane inji ya yi ta magana: Lamba Biyu ba ta son giris mai kauri, bawul ɗin Lamba Shida a rufe shi a hankali, in ba haka ba bututu zai yi tsalle, in Lamba Biyar ta fara wani siririn kuka kamar na ƙofa, kwana uku ne ya rage mata. Abubuwan da ya manta ya sani suka riƙa fitowa. Wani lokaci ya ɗauki ƙarar inji, ya kunna, ya kai kunne, ba abin da yake ji sai fiton na'urarsa. Sai ya miƙa wa Bahago.

"Mutumina, saurara ka gaya mini. Akwai wani tsit-tsit a ƙarƙashi?"

Bahago ya saurara ya gyaɗa kai, ko ya girgiza. A shekara talatin bai taɓa ganin Kunne ya tambayi wani abin da inji ke cewa ba. Yakan juya baya ya yi kamar yana neman sifana.

Manhajar ta zauna. Ma'aikata suka saba da ita har suna tsokanar juna da "an danna maka a duba". Sau biyu ta tuna musu juyen da da an manta. Injiniya takan zauna da rana ta saurari ƙarar injinan a ofis, tana kwatanta ta yau da ta jiya.

Saura wata biyu ya yi ritaya, wata Asabar da hantsi, ya fito da zannuwan gadon matarsa tsakar gida zai wanke. Kafin ya fito ta sha shayi rabin kofi, ta ce masa yau jikin da sauƙi. Ya cire na'urar kunnen ya ajiye a kan taga saboda ruwa, ya kunna famfo, ya duƙufa. Yana cikin ɗauraya ta biyu ya ga inuwa a kansa. Maƙwabciya ce, ba ko takalmi, bakinta yana motsi. Sai da ta dafa kafaɗarsa ta nuna ɗaki.

Ya shiga da kumfa a hannu. Tana kwance yadda ya bar ta, fuskarta wajen ƙofa, hannu ɗaya ya sauko daga gado. Ya taɓa wuyanta. Da sauran ɗumi.

Mutane suka cika gidan, 'ya'ya suka iso, aka yi abin da ake yi. Ya karɓi gaisuwa yana amsa "mun gode" ga duk bakin da ya ga ya motsa. Sai bayan kwana biyar, da jama'a suka ragu, ya saka na'urarsa ya tsaya a ƙofar maƙwabciya ya yi sallama.

"'Yar nan, me ya shigo da ke ranar?"

Ta sunkuyar da kai. Ta so ta ce hakanan ta leƙo, amma ya tsare ta da ido.

"Kira na ji ta katanga, Baba."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Me take cewa?"

"Malam kawai take cewa."

"Da ƙarfi, kamar mai jin ciwo?"

"A'a, Baba. Yadda ta saba kiranka."

Ya yi mata godiya ya koma gida. Likita ya riga ya gaya wa Auta cewa zuciya ce, ko yana zaune a gefenta ba abin da zai iya yi. Auta ta faɗa masa sau da yawa, har ta rubuta masa a takarda. Ya ce ya yarda. Ya ce shi ba cetonta yake tunanin zai yi ba. Taku bakwai ne daga famfo zuwa gadon, ya auna.

Ya koma aiki ya ƙarasa kwanakinsa, don akwai bayanin Lamba Ɗaya da bai gama ba. Ranar ƙarshe aka taru a ɗakin taro, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Bai ji ko ɗaya daga jawaban ba, amma ya ga Injiniya ta tsaya a tsakiyar nata ta cire tabarau ta goge. Bahago bai yi jawabi ba. Shi ya ɗaukar masa jaka har tasha, suka zauna a benci suna jiran mota ta cika, kafaɗa da kafaɗa, har aka kira fasinja.

Yanzu yana wurin Auta, a hawa na biyu na wani bene, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon titi. Jin ya ƙarasa tafiya, na'urar ma ba ta da amfani, tana cikin durowa. Auta ta saya masa ƙaramin allo fari da alƙalaminsa, da shi ake masa magana. Mutanen benen sun gano yana da hannu, suna kawo masa fanka da dutsen guga, yana gyarawa a kan jarida a ƙasa, ba ya karɓar komai. Yakan yi raha da surukinsa, yakan ci abinci sosai. Wanda bai san shi ba zai ce tsoho ne mai kwanciyar hankali.

Sai dai in wani ya kwanta rashin lafiya a gidan. Kwanakin baya zazzaɓi ya kwantar da Auta, ba wani mai tsanani ba, na kwana biyu. Tun da safe ya ajiye fankar da yake gyarawa, ya ɗauko kujerarsa ya kafa a ƙofar ɗakinta, inda zai riƙa ganin bakinta. Mijinta ya kawo masa abinci, ya ci a nan, idonsa bai bar fuskarta ba. Da la'asar ta farka ta gan shi har yanzu a wurin, ƙafafunsa sun kumbura don zama. Ta jawo allon ta rubuta, "Baba, na ji sauƙi. Je ka huta." Ta ɗaga masa.

Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Auta." Ya gyara zama a kan kujerar.